Idan Inji Ya Karɓi Aikin Zuciya da Huhu, Me Ke Faruwa da Jinin Majiyyaci?

A Sakkwato ba baƙon abu ba ne dangi su haɗa kuɗi a kai ɗan'uwa Abuja ko Legas, ko ma Masar da Indiya, domin aikin zuciya, sannan cikin dare saƙo ya iso daga mai jinya cewa "an sa shi a inji". Daga nan zance kan rabu biyu a zaure. Wasu su ce rai ya riga ya fita, inji ne kawai ke motsa gangar jiki. Wasu kuma su ce tunda inji ya karɓi aikin, ai zuciya tana kwance tana hutawa, sai dai a jira ta farfaɗo. Tun lokacin annobar korona a 2020, da sunan na'urar ECMO, mai fitar da jini daga jiki ta sa masa oksijin ta mayar, ya fara yawo a labarai, wannan ruɗani ya ƙaru. Duka fahimtar biyu ba su dace da abin da ke faruwa a jikin majiyyaci ba, domin injin ba ya soke zagayawar jinin mutum, shiga cikinta yake yi, kuma wani lokaci yakan taimaki jiki alhali yana ƙara wa zuciyar nauyi.

Yadda jini ke zagayawa kafin inji ya shigo

Zuciya famfo biyu ce a haɗe. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, wanda iskar oksijin ɗinsa ta ragu, ya tura shi huhu. A huhu jinin yana sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin, sannan ya gangaro ɓangaren hagu. Kowane ɓangare yana da ɗaki biyu, na sama da na ƙasa. Ɗakin ƙasa na hagu, wanda ya fi kowane ɗaki kaurin tsoka, shi ke harba jinin ta wani bawul zuwa babbar jijiyar da ake kira ayota, daga ita kuma ya rarrabu zuwa ko'ina. Jinin babban mutum ya kai kimanin lita biyar, kuma idan yana zaune zuciyarsa kan tura kusan wannan adadi a kowane minti.

Jijiyoyin jini iri biyu ne: masu kai jini daga zuciya zuwa jiki, waɗanda ake jin bugunsu a wuyan hannu, da masu dawo da shi, waɗanda ake huda wa idan za a ƙara ruwa. Akwai kuma tsarin da rassa ke fita daga ayota, wanda zai yi amfani a gaba. Na farko su ne ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciyar kanta, sai reshen da ke zuwa hannun dama da gefen dama na kai, sai na gefen hagu na kai, sai na hannun hagu, sannan ayotar ta lanƙwasa ta gangara ciki da ƙodoji da ƙafafu.

Ba duk "inji" ne iri ɗaya ba

Na'urar numfashi da aka fi sani a sashen kulawa ta musamman iska kawai take hurawa cikin huhu, ba ta taɓa jini. Waɗanda ake magana a kansu a nan su ne masu fitar da jini daga jiki ko masu tura shi.

Mafi daɗewa shi ne injin zuciya da huhu na ɗakin tiyata. Likita John Gibbon ne ya fara cin nasarar amfani da shi a birnin Filadelfiya na Amurka ranar 6 ga Mayu, 1953, inda ya ɗinke huda a zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18. A Najeriya an yi aikin buɗe zuciya na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu a 1974. A wannan tsari ana karkatar da dukkan jinin zuwa injin, a matse ayota da maƙali, a zuba wa zuciya ruwan magani mai yawan sinadarin fotasiyam har ta tsaya cak, domin likita ya samu damar yanka da ɗinki. Aikin awoyi ne kaɗan, kuma tunda an tsayar da zuciyar da gangan, babu wata gasa tsakaninta da injin sai a lokacin da ake shirin mayar mata da aikinta.

ECMO ƙanen wancan ne, amma an tsara shi don kwanaki ko makonni. Tiyo yana janye jini daga babbar jijiyar dawowa, famfo ya tura shi ta cikin huhun roba inda yake samun oksijin, wani tiyon ya mayar da shi jiki. Babban mutum na farko da ya rayu ta wannan hanya an yi jinyarsa a Kalifoniya a 1971, ya shafe awa 75 a kan na'urar, kuma a 1975 likita Robert Bartlett ya ceci jaririya sabuwar haihuwa da ita. Abin da ke raba nau'o'inta biyu shi ne inda ake mayar da jinin, kuma a nan ne duk bambancin tasirinsu yake.

Akwai kuma famfuna marasa huhun roba: balan-balan da ake zurawa cikin ayota yana kumbura yana sacewa daidai da bugun zuciya, da ƙaramin famfo irin Impella da ake zurawa har cikin ɗakin hagu yana tsotso jini yana zubawa a ayota, da famfon dindindin da ake dasawa a ƙirji.

Idan huhu kaɗai ya gaza

A nau'in ECMO na farko ana ɗebo jini daga jijiyar dawowa a kuma mayar da shi cikin jijiyar dawowa, dab da ƙofar zuciya ta dama. Abin da aka ɗiba shi aka mayar, saboda haka zuciya ba ta ji an rage mata ko an ƙara mata komai ba, illa dai jinin da ke iso mata yanzu yana ɗauke da oksijin. Ita ce za ta ci gaba da tura shi, bugun jijiya yana nan yadda yake, kuma idan zuciyar ta raunana wannan nau'i ba zai riƙe hawan jinin majiyyaci ba. Taimakon da yake wa zuciya a kaikaice ne: ƙarancin oksijin da taruwar gurɓatacciyar iska suna sa jijiyoyin huhu su tsuke, idan an gyara su sai jijiyoyin su saki, ɓangaren dama ya samu sauƙin turawa.

Abubuwa biyu ne ke rikita lissafi. Idan bakunan tiyon biyu sun yi kusa da juna, jinin da aka wanke yakan koma cikin injin nan take ba tare da ya shiga zuciya ba, sai na'ura ta nuna tana juya lita huɗu alhali wani kaso mai yawa zagaye kawai yake yi. Na biyu, injin ba ya kama dukkan jinin da ke dawowa. Idan zazzaɓi mai tsanani ya sa zuciya tana tura lita takwas ko tara a minti, injin kuma huɗu yake iya ɗauka, ragowar zai wuce ta huhun da ba ya aiki ya gauraya da mai kyau, sai awon oksijin ya faɗi duk da cewa na'urar lafiyarta ƙalau. Shi ya sa likitoci kan amince da awon da bai kai 90 cikin 100 ba a irin waɗannan majiyyata, muddin sauran gaɓoɓi suna nuna suna samun abin da ya ishe su.

Idan zuciyar ce ta gaza

Nau'i na biyu shi ne mai sarƙaƙiya. Ana ɗebo jini daga jijiyar dawowa, amma a mayar da shi cikin jijiyar kai jini, galibi wadda ke gindin cinya, domin ita ce ake iya samu da gaggawa ba tare da an buɗe ƙirji ba. Ma'ana jinin injin yana shiga daga ƙasa yana haurawa sama cikin ayota, akasin hanyar da jini ya saba bi, zuciya kuma tana turo nata daga sama zuwa ƙasa.

Wanda ya taɓa ganin noman rani a fadamar Kwalkwalawa zai gane hoton. A ɗauka an haɗa injin ban ruwa biyu a kan tiyo ɗaya, ɗaya a wannan baki ɗaya a wancan, ruwa yana fita ta ƙananan hudoji a tsakiya zuwa kwamin albasa. Gonar za ta sha ruwa sosai. Amma idan ɗaya injin sabo ne mai ƙarfi, ɗayan kuma tsoho ne da ke tari, sabon zai cika tiyon da matsi har tsohon ya kasa fitar da ko ɗigo, ya yi ta gurnani ruwa na taruwa a cikinsa. Mai gona da ke kallon albasa kawai ba zai san tsohon injin yana ƙonewa ba.

Haka abin yake a ƙirji. Ɓangaren dama yana samun sauƙi, domin an janye yawancin jinin kafin ya iso gare shi. Ƙwaƙwalwa da hanta da ƙodoji suna samun jini, hawan jini ya daidaita. Amma ɗakin hagu dole ne ya haifar da matsin da ya zarce na cikin ayota kafin bawul ɗinsa ya buɗe, injin kuma ya ɗaga wannan matsi. Zuciyar da dama can ta raunana tana iya kasa buɗe bawul ɗin gaba ɗaya. Duk da haka jini bai daina shigo mata ba: akwai ragowar da ke kuɓucewa tiyon ya bi ta huhu, akwai kuma jinin da ke ciyar da bututun iska na huhu da bangon zuciya, wanda ke tsiyayewa kai tsaye cikin ɓangaren hagu. Ƙofar shiga a buɗe, ta fita a rufe, sai ɗakin ya yi ta kumbura.

Kumburin yana jawo illa uku da ke bin juna. Bangon da ya miƙe yana buƙatar ƙarin oksijin alhali matsin da ke cikinsa yana toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da shi, saboda haka tsokar da ake jira ta warke tana ƙara galabaita. Matsin yana komawa baya zuwa huhu, ruwa ya cika shi, har a ga kumfa mai ruwan hoda a bututun numfashi. Jinin da ya tsaya wuri ɗaya kuma yana daskarewa, kuma gudan jini a ɗakin hagu ko a gindin ayota yana iya ɓallewa ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki.

Alamar da ma'aikata ke sa wa ido ita ce tazarar da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa a awon jini. A mai lafiya da ke da 120 bisa 80, tazarar 40 ce, kuma bugun zuciya ne ke samar da ita. Famfon injin ba ya bugawa, kwarara yake yi bai ɗaya, don haka duk tazarar da aka gani a majiyyacin da ke kan wannan na'ura ta zuciyarsa ce. Idan ta sauka ƙasa da 10 ko layin allon ya miƙe, zuciyar ta kusa daina fitar da komai, sai a ɗauko na'urar hoton zuciya a duba ko bawul yana buɗewa. Maganin farko sau da yawa shi ne a rage gudun injin, abin da kan ba masu jinya mamaki, domin a tunaninsu ƙara gudu shi ne ƙara taimako.

Mahaɗar jini biyu

Inda jinin zuciya da na inji suka yi karo a cikin ayota ba wuri ɗaya ba ne kullum. Idan zuciya ta yi rauni ƙwarai, jinin inji yana haurawa har gindin ayota ya ciyar da komai. Idan ta fara samun ƙarfi, sai ta tura mahaɗar ƙasa. Wannan labari ne mai daɗi, sai fa idan huhu bai warke ba tukuna, domin a lokacin jinin da zuciya ke fitarwa ba shi da isasshiyar oksijin, kuma rassan farko da zai shiga su ne na zuciyar kanta da na hannun dama da na ƙwaƙwalwa. Sai a samu mutum ƙafafunsa suna shan jini mai kyau daga inji, kansa da zuciyarsa kuma suna shan maras kyau. Dalilin ke nan da ake maƙala na'urar awon oksijin a yatsan hannun dama, ana kuma ɗebo jinin gwaji daga wuyan hannun dama: awon da aka yi a ƙafa zai nuna lafiya lau alhali ƙwaƙwalwa tana cikin haɗari. Ana gyara wannan ta ƙara ingancin aikin na'urar numfashi, ko a ƙara tiyo na uku da zai kai wani kaso na jinin inji ƙofar dama ta zuciya.

Jini da roba, ƙafa da ƙoda

Jini ba ya shiri da duk abin da ba bangon jijiya ba. Da zarar ya taɓa roba sai ya fara shirin daskarewa, garkuwar jiki kuma ta tashi kamar an kawo hari, jijiyoyi su saki, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin nama har majiyyaci ya kumbura. Don hana daskarewa ana ba da maganin tsinka jini, galibi hefarin, wanda shi kuma ke buɗe ƙofar zubar jini a wurin huda, a hanji, wani lokaci a cikin kai. Juyawar famfo tana fasa wasu jajayen ƙwayoyin jini, tana kuma yayyaga wani furotin da jini ke buƙata wajen toshe rauni. Likita yana tafiya ne tsakanin ramuka biyu, ana auna jinin sau da dama a yini.

Tiyon da ke cikin jijiyar cinya kaurinsa ya kusa na biro, kuma yana iya cike jijiyar har jini ya kasa gangarawa ƙafa. Ƙafar ta yi sanyi ta yi fari, idan ba a farga ba a rasa ta. Cibiyoyi da yawa suna saka wani siririn tiyo da ke kai jini ƙasa tun farko. Ƙoda ma takan tsaya, wani lokaci saboda faɗuwar jinin da ta riga zuwan injin, wani lokaci saboda fasassun ƙwayoyin jini, har a haɗa da wankin ƙoda.

Inda likitoci suka saɓa

Babu jayayya cewa ɗakin hagu da ya kumbura yana buƙatar a sauke masa kaya, ko da balan-balan, ko da famfo irin Impella, ko da huda tsakanin ɗakunan sama. Saɓanin yana kan lokaci. Masu cewa a yi tun farko suna kafa hujja da bayanan asibitoci da suka nuna waɗanda aka yi wa haka sun fi rayuwa. Masu cewa a jira alama suna amsawa da cewa kowace ƙarin na'ura ƙarin huda ce da ƙarin zubar jini, kuma wani gwaji da aka yi a Koriya ta Kudu kan mutum 116, wanda aka buga a 2023, bai ga bambanci a mace-macen wata guda ba.

Babbar tambayar ma, wato ko injin yana ƙara yawan masu rayuwa, amsarta ta danganta da wanda aka sa wa. A ɓangaren huhu, gwajin CESAR na Ingila a 2009 ya nuna amfanin tura majiyyaci cibiyar da ke da ECMO, gwajin EOLIA na 2018 kuma ya samu mutuwar kashi 35 cikin 100 a masu ECMO da 46 a sauran, tazarar da ba ta cika ƙa'idar lissafin da aka gindaya ba, ko da yake likitoci da yawa suna ganin ta karkata ga amfani. A ɓangaren zuciya, gwajin ECLS-SHOCK na 2023 kan mutum kusan 420 da jijiyar zuciyarsu ta toshe har jini ya faɗi ya samu mutuwar kusan kashi 48 a masu injin da 49 a marasa shi, zubar jini kuma ta ninka fiye da sau biyu a masu injin. Sai a 2024 gwajin DanGer Shock ya nuna famfon Impella, wanda ke tsotso jini daga ɗakin hagu ya tura shi ta hanyar da ya saba, ya rage mutuwa a wata shida daga kusan kashi 58 zuwa 46 a zaɓaɓɓun majiyyata, tare da ƙarin buƙatar wankin ƙoda. Wasu na karanta sakamakon biyu a matsayin shaida cewa alƙiblar da aka tura jini tana da tasiri, wasu kuma na jan hankali cewa majiyyatan gwaje-gwajen biyu ba iri ɗaya ba ne, don haka ba a kwatanta su kai tsaye. Abin da ya fito fili shi ne na'urar ba ta warkar da zuciya ko huhu, lokaci take saye wa jiki kafin gaɓar ta farfaɗo ko a yi mata aiki ko a dasa wata.

Rashin bugun jijiya da hukuncin mutuwa

A al'ada ana tabbatar da rasuwa ne da ɗaukewar numfashi da tsayawar bugu. Mai wannan inji yana iya rasa bugun jijiya gaba ɗaya alhali yana buɗe ido yana gane mutane, kuma masu famfon dindindin da dama suna harkokinsu a gari ba a jin bugu a hannunsu. Akasin haka ma yana faruwa, jiki da ɗumi, jini na zagayawa, amma ƙwaƙwalwa ta mutu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ɗauki tsayawar dukkan aikin ƙwaƙwalwa, wadda ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba ta dawowa, a matsayin mutuwa, ta kuma halatta cire na'urori. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1987, ta halatta cire na'urorin a wannan hali, amma ta ce hukunce-hukuncen mutuwa ba sa hawa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan cirewar. Dukansu sun rataya al'amarin ga binciken likitoci ƙwararru, ba ga taɓa wuyan hannu ba.

Abin da ya shafi mutanen Sakkwato

Wannan yanki yana da nasa dalilin kula da batun. Raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa ya yi yawa a Arewa maso Yamma, har wani bincike daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka buga a 2007 ya ƙiyasta mace ɗaya a kowace haihuwa 102, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Cuta ce da zuciya kan iya farfaɗowa daga gare ta, wato irin wadda sayen lokaci ke da ma'ana a kanta. Haka nan matasan da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata musu bawul ɗin zuciya, waɗanda idan an yi musu aiki wani lokaci zuciyar kan ƙi karɓar aikinta daga injin tiyata, a wuce da su kan ECMO.

Sai dai sayen na'urar shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Tana buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa, da ma'aikacin jinya da masanin injin a gefen gado dare da rana, da ɗakin gwaji mai ba da sakamako cikin gaggawa, da likitan jijiyoyi idan ƙafa ta yi sanyi, da bankin jini mai wadata, alhali a asibitocinmu har yanzu dangi ne ake nema su kawo masu ba da jini leda bayan leda. Inda kuɗi ya yi ƙaranci, akwai hujja mai ƙarfi cewa gano raunin zuciyar mai jego da wuri, lokacin da take kukan haki da kumburin ƙafa, da magance ciwon maƙogwaron yara da fenisilin, zai ceci rayukan da suka fi yawa. Masu goyon bayan kafa cibiya ɗaya mai ƙarfi a shiyya kuma suna cewa duk asibitin da ke buɗe zuciya yana buƙatar wannan madogara.

Ga iyalin da ɗan'uwansu ke kan injin, tambayoyin da za su fi haska musu halin da ake ciki su ne waɗanda suka shafi jinin majiyyacin kansa: wane nau'i aka sa masa, na huhu ko na zuciya, shin zuciyarsa tana buɗe bawul tana fitar da jini, yaya ƙafar da aka huda, yaya fitsari, kuma me ake jira, farfaɗowa ko wani aiki. Ranar da za a gwada cire shi, ana rage gudun injin sannu a hankali zuwa kamar lita ɗaya a minti, likita yana kallon hoton zuciya da awon jini, idan zuciyar ta riƙe matsin da kanta ba tare da ta kumbura ba sai a matse tiyon a zare su, a ɗinke jijiyar cinya, a ci gaba da duba ƙafar da awon jinin a awoyin da ke biye.